Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Malami da Matan Wanka na Dajin Turawa

Ranar 7 ga watan Disamba na 2023, a wata kwaleji ta garin Issou da ke yamma da birnin Paris, wata malamar Faransanci ta nuna wa ɗalibanta na ajin siziyam wani tsohon zane na Giuseppe Cesari, mutumin Italiya, wanda aka yi a farkon ƙarni na 17. A cikin zanen akwai mata biyar suna wanka ba sutura, ga wani maharbi ya faɗo musu. Wasu yara suka kau da kai, suka ce abin ya saɓa wa tarbiyyarsu. Kafin ƙiftawa da bismilla magana ta fita daga aji ta shiga gidaje, malaman makarantar suka ajiye alli don tsoron abin da ka iya biyo baya, har sai da ministan ilimi na lokacin, Gabriel Attal, ya tako ƙafa ya zo garin.

Labarin ya iso mana ta rediyo da wayoyi, kuma duk inda malamai suka taru suka tayar da shi, sai ka ga sun rabu gida biyu. Gida na farko su ne masu reza da biro. A wurinsu maganin irin wannan shafi guda ne: a yage shi, ko a shafe shi da baƙar tawada, ko a tsallake shi kamar yadda ake tsallake kashin jaki a hanya. Duk wanda ya taɓa buɗe tsofaffin littattafan adabin Faransanci da aka turo wa makarantunmu kyauta ya ga aikinsu. Gida na biyu su ne masu rufe bakin kowa da kalma ɗaya. Da zarar yaro ko uba ya yi tambaya sai su ɗaga hanci su ce ai wannan fasaha ce, wanda bai waye ba ba zai gane ba. Waɗannan gidaje biyu suna ganin kansu abokan gaba ne, alhali uwa ɗaya ta haife su, sunanta ƙyuya. Na farko bai karanta zanen ba don ya tsorata da shi, na biyu kuma bai karanta shi ba don ya durƙusa masa. A tsakaninsu ɗalibi ya tashi hannu rabbana.

Bari in share wa kaina hanya tun da wuri, don kada a ɗora mini abin da ban ce ba. Ba ina kira a rataya hoton mata tsirara a bangon aji a Urafan ko Mayahi ba ne. Kunya tamu ce, ba mu aro ta wurin kowa ba, kuma malamin da ya raina kunyar ɗalibansa ya raina iyayensu. Abin da nake ja a kai shi ne jahilcin malami. Ko ka nuna zanen ko ba ka nuna ba, wajibi ne ka san abin da ya sa matan nan suke tsaye cikin dajin, wa ya sa su, wa ya biya kuɗin zanen, don idon wa aka yi shi. Malamin da ya san wannan yana iya zaɓen abin da zai kawo aji da hujja. Wanda bai sani ba, ko ya yaga ko ya yaba, a cikin duhu ya yi.

To me ya kai su dajin? Amsar ta fi kusa da kasuwa da neman girma fiye da yadda masu ɗaga hanci ke so mu sani. A shekarar 1648 aka kafa majalisar masu zane da sassaƙa ta sarkin Faransa, kuma a wajen 1667 André Félibien ya jera wa zane-zane matsayi kamar yadda ake jera masu sarauta a fada. A sama akwai zanen tarihi, wato wanda ya ɗauko labari daga addini ko tarihin dā ko almarar Girkawa da Rumawa. A ƙasa da shi zanen fuskar mutum, can baya kuma zanen daji da tsauni da gulbi, wanda aka ɗauka aikin mai kwaikwayon ganye ne kawai. Mai zanen da zuciyarsa ke ga itatuwa, in yana son a rataya aikinsa wuri mai kyau a babban baje kolin Paris, in yana son hukuma ta saya, sai ya nemo wa dajinsa rigar manya. Rigar ita ce almara. Ya zana dajinsa yadda ya ga dama, sa'an nan ya jefa ƴan mata uku ko huɗu a gindin icce, ya raɗa musu sunan Diyana da kuyanginta. Nan take zanen ganye ya zama zanen tarihi. Abin ya kai har a 1817 aka buɗe gasa ta musamman domin irin wannan zane, wadda mai cin ta ke samun zuwa Roma karatu a aljihun gwamnati. Wanda ya fara cin ta shi ne Achille-Etna Michallon, kuma gasar ta ci gaba har 1863.

Michallon ɗin nan shi ne malamin farko na Camille Corot, wanda ya rayu daga 1796 zuwa 1875, kuma a wurin Corot ake ganin dabarar a fili. A 1826, yana Italiya, ya zauna a gaban wata rusasshiyar gada ta Rumawa a Narni ya zana ta kamar yadda ido ya gan ta: ƙasa mai zaizaya, rana mai zafi, ba kowa. Wannan ƙaramin zane yana gidan tarihi na Luvur. Da ya tashi kai ta baje koli a 1827 sai ya sake ta: ya shimfiɗa hanya mai laushi, ya dasa dogayen itatuwa inda babu su, ya zuba makiyaya da dabbobinsu. Wannan na biyun yana Ottawa ta Kanada. Gada ɗaya, mutum ɗaya, tazarar shekara ɗaya. Malamin da ya aza waɗannan hotuna biyu gefe da gefe, ya koya wa ɗalibansa babban darasi: zanen daji shiri ne, an yi masa kwaskwarima kafin ya fito gaban jama'a. Bayan shekaru tara, a 1836, Corot ya zana Diyana da Akteyon, wanda ke New York. Ka duba ka gani, dutse da itatuwa da hasken yamma ne suka cinye yawancin allon, matan suna daga ƙasa. A 1850 ya sake yin wani, na rawar aljanun kurmi da safe, wanda ke gidan tarihi na Orsay, kuma masana sun daɗe da lura cewa rawar tasu ta fi kama da ta dandalin wasan Paris, inda Corot ke yawan zuwa kallo, fiye da ta kowane kurmi na Girka.

Wanda ke shakkar cewa sunan almara riga ce ta aro, ya dubi shekarar 1863. A shekarar nan Alexandre Cabanel ya baje zanen haihuwar Venus, mace kwance bisa ruwa ba ko ƙyalle, aka yi ta tafi, sarki Napoleon na Uku ya saye shi da kansa. A shekarar dai Édouard Manet ya kawo zanen wata mace zaune a kurmi ba sutura tare da maza biyu sanye da kwat irin na zamaninsu. Alƙalan baje koli suka ƙi shi, jama'a suka yi masa ca. Fatar da ke waje a zanen Manet ba ta fi ta Cabanel yawa ba. Laifinsa shi ne ya hana matar sunan allahiya, ya bar ta ƴar Paris wadda kowa zai iya gamuwa da ita a hanya. Ashe su ma Turawan ƙarni na 19 sun san kunya, sun dai yi yarjejeniya ne cewa in an ambaci Girka a rufe ido. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Manet ya ɗaga zanen aro ne kawai, kowa ya ga katarar da ke nan tun farko. A ƙara da wannan: babbar makarantar zane ta Paris ba ta karɓi mata ɗalibai ba sai 1897. Maza ke zanawa, maza ke alƙalanci, yawanci maza ke saye. Mai cewa wannan fasaha ce zalla, ba ruwanta da sha'awa ko iko, bai faɗi gaskiya ba, ko kuwa bai sani ba.

Sai dai masu reza kada su yi saurin murna, don labarin da suka yage ya fi su sanin darajar kunya. Mawaƙin Roma Ovid ne ya ba da shi a littafi na uku na tarin almarar rikiɗa da ya rubuta shekaru 2000 da suka wuce. Akteyon maharbi ne. Ya ɓata hanya a daji, ya faɗa inda Diyana, wadda Rumawa ke ɗauka uwar farauta, take wanka. Ta watsa masa ruwa, ya rikiɗe ya zama barewa, karnukansa na farauta suka bi shi suka yayyage shi ba su san ubangidansu ba ne. Wane yaro ne a ƙasar Tasawa ba zai gane wannan ba? An raine shi da tatsuniyoyin wanda ya leƙa abin da aka hana leƙawa ya gamu da Dodo. An karantar da shi a makarantar allo cewa Suratun Nur ta umurci maza da mata su runtse ido. Ga almarar arna ta Roma tana hukunta ido mai leƙe hukunci mafi muni. Amma ga inda gizo ke saƙar: mai zanen ya ɗauki labarin da ke tsine wa mai kallo, ya tsayar da kai, mai kallon zanen, daidai inda ya fi dacewa a ga komai. Akteyon ya mutu, kai kuwa ka biya kuɗin shiga ka fita lafiya. Wannan rikici tsakanin abin da labari ke faɗi da abin da zane ke yi, shi ne darasin. Ana iya koyar da shi da baki da allo, ko ba a ɗaga hoto ba. Yaran Issou da suka kau da kai sun yi abin da Akteyon ya kasa yi, kuma da an sami sararin gaya musu haka, da wataƙila gardamar ta zama karatu.

Kada kuma a ɗauka duk zanen zamanin Romantik matan wanka ne. Wannan wani kuskure ne da gidajen biyu suka yi tarayya a kansa. Zuciyar wannan zamani tana ga ƙanƙantar ɗan Adam a gaban halitta. Caspar David Friedrich na Jamus, wanda ya rasu a 1840, ya zana wani mai ibada shi kaɗai a bakin teku tsakanin 1808 da 1810: ɗigo ɗaya baƙi, sauran allon duka ruwa da sama. A wajen 1818 ya zana matafiyi a kan dutse, ya ba mu baya, hazo ya rufe duniya a ƙarƙashinsa. Wanda ya taɓa tsayawa a kan tudun rairayi a arewacin Mayahi lokacin da hadarin farko ke tasowa daga gabas ba ya bukatar tafinta a gaban waɗannan. Kuma ba banza ba suka rungumi daji a daidai wannan lokaci. Masana'antu na cin gawayi, birane na kumbura, layin dogo na farko na fasinja daga Paris ya buɗe a 1837. Aljanun kurmin da Corot ke zanawa kewa ce ta mutanen da ke kallon kurminsu yana tafiya. Mai yage shafi saboda mata uku a gindin icce ya yage icen tare da su.

Akwai ma jikuna marasa sutura a zanen wannan zamani waɗanda ƙara suke kaiwa. A 1816 jirgin ruwan Faransa mai suna Méduse, yana kan hanyarsa ta zuwa karɓar Saint-Louis ta Senegal, ya kafe a gaɓar Muritaniya saboda sakacin kyaftin ɗin da aka naɗa don alfarma. Aka zuba mutum wajen 147 a kan katakai aka sake su a teku, 15 aka tsamo da rai. A 1819 Théodore Géricault ya zana su, gawa kan gawa, kuma wanda ya ɗora a ƙololuwa yana kaɗa ƙyalle don neman ceto baƙar fata ne. A 1840 Turner na Ingila ya zana jirgin bayi cikin guguwa, ana jefa marasa lafiya a teku da mari a ƙafafunsu. Shin wannan ma batsa ce? Malamin da rezarsa ba ta bambanta Venus ta Cabanel da bawan Turner, ya yanke wa ɗalibansa wani yanki na tarihin kakanninsu.

Yanzu mu dawo gida, don idon nan da ya shirya dajin Italiya ya zo har ƙofarmu. A watan Janairu na 1851 Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdul Karim, ya sauka Tasawa, daga nan ya bi ta Katsina ya shiga Kano a farkon Fabrairu. Littafin tafiyarsa ya fito cikin juzu'i biyar a 1857 da 1858, ɗauke da hotuna masu launi, ciki har da na Kano daga kan dutsen Dala. Barth ya yi zayyanar farko a hanya, amma wanda ya mayar da ita hoton da duniya ta gani shi ne Johann Martin Bernatz, mai zane na Jamus wanda bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Da hannun da aka horar a makarantar zanen daji ta Turai ya daidaita mana sararin samaniyarmu da dabinonmu. Ba na ƙin hotunan, taska ce, kuma ya kamata kowace makaranta a jihar Maradi ta mallaki kwafinsu. Amma wanda ya ga abin da Corot ya yi wa gadar Narni zai san irin tambayar da zai yi wa Kanon Bernatz: me aka gani, me aka ƙara, me aka share?

Bayan rabin ƙarni kuma sai ga katunan wasiƙa na zamanin mulkin mallaka. François-Edmond Fortier, mai ɗaukar hoto da ke zaune Dakar, ya buga dubban katuna na Afirka ta Yamma a farkon ƙarni na 20, da yawansu ƴan mata ne ƙirji a waje, an sa musu lamba da sunan ƙabila, ana aika su Faransa ta gidan waya ba ko ambulan. A nan ne munafuncin ya fito zigidir. Kafin a tuɓe Baturiya a allo sai an nemo mata sunan allahiya da kurmin Girka. Ƴar Afirka kuwa ba a nemo mata komai ba, an ce ai ita da daji ɗaya ne, ɗabi'arta ke nan. Marubucin Aljeriya Malek Alloula ya yi wa irin waɗannan katuna na ƙasarsa fiɗa a littafinsa na 1981. Ta yaya ɗalibinmu zai gane wannan cin fuska in bai san dokar da aka keta ba? Sai ka san rigar da aka ba Diyana kafin ka san wadda aka hana kakarka.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce tun watan Maris na 2025 dokar sake gina ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki, to me ya haɗa mu da Corot? Ni da nake koyar da harsunan biyu ina cikin masu farin ciki da darajar da Hausa ta samu. Amma harshen ƙasa nauyi ne aka ɗora masa. Harshen da zai riƙe ƙasa dole ya iya magana a kan komai, har da zanen waɗanda suka mallake mu, ya auna shi, ya ce wannan gwaninta ce, wannan kuwa yaudara. In muka bar wannan fage sai da Faransanci kawai ake shigarsa, mun yarda ke nan cewa Hausa ta gona ce da kasuwa. A 1958 wasu ɗaliban zane a Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ƙi kwaikwayon Turai ido rufe. Sun koyi abin da ake koyarwa sarai, sa'an nan suka tace shi da na gida. Da ƙin sani suka yi, da ba wanda ya san sunansu yau.

Za a kuma ce tsare tarbiyya ya fi komai. Haka ne. Amma mu tuna watan Nuwamba na 2000, lokacin da fushi kan bikin nuna tufafi na FIMA, wanda ake yi can wajen Yamai, ya sauka a Maradi, aka ƙona wurare, aka far wa matan da ba su taɓa ganin dandalin bikin ba. Fushin da ba ya karatu ba ya zaɓen wanda zai sara, kuma kusan kullum a kan mace talaka yake sauka. Yau kuwa yaron da ka yage wa shafi yana da waya a aljihu, ko abokinsa yana da ita, kuma abin da ke cikinta ya sa Diyana ta zama kamar mai lulluɓi. Hotuna na zubo masa dare da rana, na talla, na siyasa, na ƙarya da na'ura ta ƙera. Rezarka ba ta kai can. Abin da zai bi shi can shi ne ɗabi'ar tambaya: wa ya yi wannan, don wa, me yake so in ji, me ya ɓoye? A kan zanen da ya shekara 200, wanda wutarsa ta huce, ake koyon wannan tambaya cikin natsuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wani abin mamaki shi ne yadda muke kallon aljanun kurmin Girkawa kamar baƙin abu, alhali dajinmu bai taɓa zama kango ba. Kakanninmu sun san Doguwa a gindin tsamiya da kuka, sun san Sarkin Rafi a fadama, kuma Anna na kwarin Maradi, waɗanda Guy Nicolas ya yi shekaru yana nazarin al'adunsu, ba su shiga farautar shekara sai an yi buɗin daji. Ambaton wannan ba kira ne a koma bori ba, kamar yadda Corot bai bauta wa Diyana ba. Abin lura shi ne mutane biyu da ba su san juna ba duk sun ji cewa daji yana da masu shi, ba a shigarsa da gatari yadda aka ga dama. Bambancin kuwa mai daɗin tattaunawa ne a aji. Su sun ba mai dajin jiki suka tuɓe ta don kallo. Namu ba a zana ta, ba a ma son a gan ta, sunanta ma sai a sakaya. A zamanin da Corot ke zanen Diyana, Babban Gwani Muhammadu Durugu yana gina masallacin Juma'a na Zariya, inda kyau ya fito ta baka da ginshiƙi da zayyanar laka ba tare da surar mutum ko ɗaya ba. Hanyoyi biyu ke nan na girmama abin da ya fi ƙarfin ido, kuma ɗalibin da ya san duka biyun ba zai ji ƙasƙanci a gaban Luvur ba.

Zanen daji ma ya taɓa ceton daji. Masu zanen da suka zauna ƙauyen Barbizon, Théodore Rousseau a gaba, sun kai kuka ga hukuma kan saran tsofaffin itatuwan kurmin Fontainebleau, kuma a 1861 aka keɓe fiye da hekta 1000 aka hana taɓa su, don kyaunsu kawai. Mu a nan mun san tsiraicin da ya fi na allo ciwo. Bayan farin 1973 da na 1984 ƙasarmu ta tuɓe, iska na kwashe gona ta kai ta gonar wani. Waɗanda suka mayar mata da sutura manoma ne. Tun daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da ke gonakin Maradi suna da rai a ƙarƙashin ƙasa, sassabin zamani ya bazu daga ƙauye zuwa ƙauye, irin su Dan Saga ta ƙasar Agye, har masu bincike suka ƙiyasta hekta wajen miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a jihohin Maradi da Damagaram. Wannan aiki ya fi na Fontainebleau girma nesa ba kusa ba. Ina mai zanensa? Ina yaron da aka ba fensir aka ce ya zana gorubar Gulbin Kaba, wadda uwarsa ke saƙa tabarma da kabarta, ko gawon da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, saɓanin kowane icce? Muna ta gardama kan matan kurmin wasu, namu kurmin ba mu koya wa kowa kallonsa ba.

Don haka ga abin da nake roƙon ƴan uwana malamai da ƙungiyoyinmu na al'adu. Mu zauna mu tsara ɗan littafi da Hausa na karatun zane, mu yi yarjejeniya kan kalmomin da za mu yi aiki da su, don kada kowa ya riƙa ƙirƙiro nasa. Mu fara da abin da ba mai jayayya a kansa: gadar Narni biyu, mai ibadan Friedrich, Kanon Bernatz, zayyanar bangon unguwar Birni ta Damagaram. Labarin Akteyon a ba da shi da baki a ƙananan azuzuwa, a gwama shi da tatsuniyoyinmu. Zanen da ke da tsiraici a bar shi ga manyan ɗaliban lise da horon malamai, a sanar da shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye tun kafin ranar, a faɗa musu dalili, kuma duk ɗalibin da ya zaɓi kau da kai a girmama shi, a tambaye shi hujjarsa a rubuce, don ita ma karatu ce. Littafin makaranta kuwa dukiyar jama'a ce, wanda ya ga shafin da bai dace da ajinsa ba ya wuce shi, kada ya yanke wa na bayansa hukunci da reza. Sa'an nan, sau ɗaya a shekara, bayan girbi, kowace makaranta ta fitar da ɗalibanta bayan gari da takarda da gawayi, su zauna gaban icce ɗaya su zana shi, a baje aikin a gidan matasa na Tasawa ko Mayahi, a gayyato manoman da suka raini itatuwan su zo su ce ko an zana su daidai.

Urafan, gundumar Tasawa